Awon Gari da Ruwa a Gahawar Butar Matsi

Butar matsi wata 'yar doguwar buta ce ta gilashi ko ta ƙarfe, mai murfi wanda sanda ta ratsa tsakiyarsa, a ƙarshen sandar kuma akwai faifan rariya. Ana zuba garin gahawa a cikinta, a kwarara ruwan zafi, a bar shi ya jiƙu, sannan a danna sandar. Rariyar sai ta tura dusar ƙasa, tataccen ruwan ya tsaya a sama. Wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, su ne suka yi rajistar samfurinta na farko a 1852, shi ya sa Turawa ke jingina sunanta ga Faransa, sannan wani ɗan Italiya mai suna Attilio Calimani ya yi rajistar irin wadda aka sani yau a 1929. Ba ta cin lantarki, ba ta neman takardar tacewa. Wannan ya sa ta dace da unguwa irin Tudun Wada da ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ma'aikata da 'yan kasuwa ke neman abin da zai wartsake su da safe, ko akwai wuta ko babu.

Sai dai da yawa daga masu sayenta kan gwada sau biyu ko uku su ajiye ta a bayan kwanuka, wasu su ce gahawar ta fito salam kamar ruwan wanke kofi, wasu su ce ɗacinta ya yi na maɗaci. Kusan kullum laifin yana wajen awo, ko niƙa da lokaci.

Asalin kuskuren

Yawancin mutanen Arewa sun san gahawa ne ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta teburin mai shayi, wato Nescafé da danginta, wadda kamfanin Nestlé na Suwizalan ya fara sayarwa a 1938. Irin wannan an riga an dafa ta a masana'anta, an busar da ruwan, abin da ya rage shi ake zubawa a gwangwani ko leda. Shi ya sa take narkewa ƙaf, kuma ƙaramin cokali ɗaya, wajen giram 2, ke isar kofi guda. Ta biyu ita ce gahawar Larabawa da alhazai ke zuwa da ita tsaraba, wadda ake tafasawa da kayan ƙamshi a sha a 'yan ƙananan kofuna.

Garin da ake sa wa butar matsi daban yake da su. Ƙwayar gahawa ce aka soya aka ɓarza, ba ta narkewa. Abin da ruwa zai iya ɗebowa daga jikinta bai wuce kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta ba, sauran dusa ne. A cikin wannan ma masana sun fi son a ɗebo tsakanin kashi 18 zuwa 22 na nauyin ƙwayar kawai, domin abin da ke fita daga ƙarshe ɗaci ne da bauri. Wanda ya auna wannan gari da ƙaramin cokalin Nescafé ya ba ruwa kaɗan ƙwarai daga abin da yake buƙata. Wanda kuma ya bar shi ya daɗe a ruwa kamar yana dafa ta Larabawa ya janyo ɗacin da ya kamata ya tsaya a cikin dusa. Ita kuwa mai narkewa ba ta da abin yi a butar matsi, tunda babu abin tacewa.

Awon da aka fi yarda da shi

Ƙungiyar ƙwararrun masu gahawa ta duniya, SCA, ta tsayar da giram 55 na gari ga kowace lita ɗaya ta ruwa a matsayin ma'auni, tare da damar ƙari ko ragi na kashi goma cikin ɗari. Masu amfani da butar matsi sukan ɗan haura, su tsaya tsakanin giram 60 zuwa 70, saboda garinta ɓarzajje ne, ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Mafarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne giram 60 ga lita ɗaya, wato kashi ɗaya na gari ga kashi 16 zuwa 17 na ruwa.

Lissafin ba shi da wuya, domin mililita ɗaya ta ruwa nauyinta giram ɗaya ne. Ruwa mililita 300 yana son gari giram 18. Mililita 500 na son giram 30. Mililita 900 na son giram 54. Wanda ke son ta da ƙarfi ya raba yawan ruwan gida 15, abin da ya samu shi ne giram ɗin garin. Mai son ta da sauƙi ya raba gida 17 ko 18.

Akwai abubuwa biyu da ke rikita masu awo. Na farko, rubutun da ke jikin kwali. Butar da aka ce ta kofi takwas lita ɗaya ce, domin kofin da suke nufi ƙarami ne, wajen mililita 125, alhali kofin da ake shan shayi da shi a nan ya ninka wannan. Butar kofi takwas ba ta wuce cikin mutum uku ko huɗu ba, ta kofi uku kuwa, mai mililita 350, ta mutum ɗaya ce. Na biyu, gari yana shanye ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa. Idan aka zuba mililita 500 a kan giram 30, abin da zai sauka a kofi wajen mililita 440 ne. Ana lissafin awo da ruwan da aka zuba, kuma a bar wuri a saman butar domin gari da kumfa da rariya. Butar lita ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kusan mililita 900 cikin kwanciyar hankali.

Idan babu sikeli

Ƙaramin sikelin kicin irin na masu yin kek shi ne ya fi, domin cokali yana yaudara. Gahawar da aka soya ta yi baƙi ta fi wadda aka soya sama-sama rashin nauyi, saboda haka cokali ɗaya nasu ba nauyi ɗaya ba ne. Amma rashin sikeli ba ya hana awo. Babban cokalin cin abinci, idan aka cika shi aka share samansa, yana ɗaukar kusan giram 5 na gari. Ruwan leda guda kuma galibi mililita 500 ne. Ke nan ƙa'idar gida ita ce: ledar ruwa ɗaya, babban cokali shida a share. Rabin leda, cokali uku. Wanda ke cika cokali har ya yi tozo yana iya kai giram 7 ko 8 ba tare da ya sani ba, sai cokali shida su koma awon tara. A ware cokali ɗaya a riƙa amfani da shi kullum, a kuma yi wa butar alama a inda ruwa ke tsayawa, domin a san abin da aka canja idan ɗanɗano ya canja.

Niƙa da zafi da lokaci

Awo mai kyau ba ya aiki shi kaɗai. Garin butar matsi ɓarzajje ake so, kamar ƙananan tsakin masara. Idan ya yi laushi kamar garin tuwo, zai bi ta ramukan rariya ya taru a gindin kofi, ya kuma saki ɗaci da wuri. Injin niƙa na unguwa bai dace ba, don yana lallasa ƙwayar, ga warin barkono da citta da zai bar mata. Ƙaramin injin hannu ya fi; in babu, turmi mai tsabta da aka keɓe zai yi, a daka a hankali, a tankaɗe lallausan da rariya a ajiye shi gefe. Mai sayen niƙaƙƙe ya duba ko an rubuta cewa ɓarzajje ne.

Zafin ruwa ya kasance tsakanin digiri 90 zuwa 96. A aikace, idan ruwa ya tafasa a sauke shi, a ba shi rabin minti zuwa minti ɗaya. A wurare masu tudu irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96, don haka ba sai an jira ba. Lokacin hunturu gilashi kan yi sanyi ya ƙwace zafin ruwa, saboda haka a fara ɗauraye butar da ruwan ɗumi. Wannan yana kuma rage haɗarin tsagewar gilashi marar inganci. Shi ma ruwan a kula da shi, domin fiye da kashi 98 cikin ɗari na abin da ke kofi ruwa ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗanɗanon kanwa, ko na famfo mai warin magani, zai bayyana a gahawa.

Bayan an zuba ruwa a juya sau ɗaya da cokalin katako ko na roba, a ɗora murfi, a jira minti huɗu. Sannan a danna sandar a hankali, a tsiyaye duka nan take. Gahawar da aka bari a kan dusarta tana ci gaba da jiƙuwa ko da an danna, kofi na biyu sai ya fito da ɗaci. Abin da ba za a sha yanzu ba a juye shi a fulas.

Gane matsala daga ɗanɗano

Awo shi ke yanke ƙarfin gahawa. Niƙa da zafi da lokaci su ke yanke irin ɗanɗanonta. Idan ta fito tsararo amma babu ɗaci babu tsami, gari ne ya yi kaɗan, a ƙara cokali ɗaya. Idan ta yi tsami, ba ta jiƙu ba ne: ko ɓarzar ta yi girma, ko ruwan ya huce, ko an yi gaggawa. Idan ta yi ɗaci da bauri mai busar da harshe, ta wuce lokaci ko garin ya yi laushi. Idan ɗanɗanon ya yi daidai amma ta yi nauyi, a ƙara mata ruwan zafi a kofi bayan an tace. Wannan ya fi rage gari tun farko. A riƙa canja abu ɗaya a kowane gwaji, kuma a ɗanɗana kafin a sa sukari da madara, domin su biyun suna rufe kowane irin aibu. Dusar da aka tace sau ɗaya ta gama aikinta, maimaita ta ɗaci kawai take bayarwa.

Abin da awo ke nufi ga lafiya

Yawan gari shi ne yawan sinadarin kafeyin, wanda ke kore barci ya sa zuciya sauri. Irin gahawa biyu ne suka mamaye kasuwar duniya. Arabika, wadda asalinta ƙasar Habasha ce, kuma ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, tana da kafeyin kusan kashi 1.2 cikin ɗari na nauyinta. Robusta, wadda ta fi son ƙasa mai zafi da laima irin ta kudancin Najeriya, tana da kusan kashi 2.2. Giram 30 na arabika ke nan yana ɗauke da miligiram 360, na robusta kuma wajen 660, kuma mafi yawansa yana fita cikin ruwan zafi.

A 2015 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta bayyana cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Ashe wanda ya shanye gahawar ledar ruwa ɗaya shi kaɗai ya kusa cika rabonsa na yini, in robusta ce ma yana iya zarcewa. Kuma ba gahawa kaɗai ke da kafeyin ba: goro da shayi da lemukan ƙara kuzari duk suna shiga lissafi. Ɗalibin da ya ninka gari a daren jarrabawa ya haɗa da goro yana iya samun rawar hannu, faɗuwar gaba, ciwon kai da rashin natsuwa. Jiki kan ɗauki wajen awa biyar kafin ya rage rabin kafeyin da aka sha, don haka kofin la'asar yana nan a jini lokacin kwanciya. Masu hawan jini, masu ciwon zuciya da masu fama da ƙwannafi su tuntuɓi likita kan yawan da ya dace da su. Shan gahawa tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke samu daga hatsi da ganye, saboda haka mai ƙarancin jini ya ba da tazara.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da butar matsi. Wani bincike daga garin Tromsø na ƙasar Norway da aka wallafa a 1983 ya nuna alaƙa tsakanin yawan shan gahawa da hauhawar kolestarol a jini. Daga baya masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka gano cewa wasu sinadarai ne da ke cikin man gahawa ke jawo haka, babban cikinsu shi ne kafestol. Takardar tacewa tana riƙe su, rariyar ƙarfe kuwa tana barin su su wuce. Wanda likita ya ce kolestarol ɗinsa ya hau, ko mai shan kofuna da yawa kullum, ya rage, ko ya sake tace gahawar da takardar tace gahawa bayan ya danna.

Kula da butar da garin

Idan sandar ta cije, kada a danna da ƙarfi. Alama ce ta cewa gari ya yi laushi ko ya yi yawa ya toshe rariya, kuma tilasta ta na iya sa ruwan zafi ya yi tsartuwa ko gilashin ya fashe a hannu. A ɗan ja ta sama, a sake dannawa a hankali, bakin butar yana kallon nesa da fuska, yara kuma ba sa kusa. Butar gilashi ba a ɗora ta a kan risho ko gas ko gawayi. A wata tukunya ake tafasa ruwan.

Bayan kowane amfani a kwance faifan rariyar a wanke da sabulu, domin man da ke maƙalewa a ciki yana yin ɗoyi ya ɓata gahawar gobe. Dusar a zuba ta a shara ko a gindin shuka, kada ta toshe magudanar ruwa. Garin kuma a adana shi a mazubi mai rufuwa ruf, nesa da rana da laimar damina da ƙamshin daddawa da yaji, a kuma riƙa niƙa iya na kwanaki kaɗan, domin niƙaƙƙiyar gahawa ta fi ƙwaya saurin rasa ƙamshi.