Amurka: bayan gwamnati ta ceci Detroit, motar gida za a saya ko ta waje?

A watan Nuwamba na shekarar 2008, shugabannin manyan kamfanonin ƙera motoci uku na ƙasar Amurka, wato General Motors da Ford da Chrysler, suka isa birnin Washington domin roƙon majalisar dokoki rancen dala miliyar 25. Kowannensu ya zo ne cikin jirgin sama na musamman. Ƴan majalisa ba su bar abin ya wuce ba, sun tambaye su yadda mutum zai sauko daga irin wannan jirgi riƙe da ƙoƙon bara. Makonni biyu bayan haka da suka koma, cikin mota suka zo, tafiyar da ta ɗara kilomita 800 daga birnin Detroit. Sai dai kuɗin da suke nema ya riga ya hau zuwa miliyar 34.

Halin da suke ciki ya kai a yi bara. Bankuna sun daina ba da bashi, alhali yawancin Amurkawa da bashi suke sayen mota. Tsadar mai ta tsakiyar 2008 ta kashe kasuwar manyan motoci masu shan mai, waɗanda daga gare su Detroit ke cin riba. Sabbin motocin da ake sayarwa a ƙasar suka faɗo daga wajen miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 10 da ƴan kai a 2009. A 2008 ɗin ne kuma Toyota ta karɓe matsayin kamfanin da ya fi kowa sayar da motoci a duniya, matsayin da General Motors ya riƙe shekara 77.

Majalisar dattawa ta ƙi. Shugaba George Bush, wata guda kafin ya bar mulki, ya ware dala miliyar 17.4 daga asusun da aka tanada domin ceton bankuna, ya ranta wa General Motors da Chrysler. Barack Obama da ya gaje shi ya ƙara kuɗi, amma da sharaɗi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A watan Maris na 2009 aka tilasta wa shugaban General Motors, Rick Wagoner, ya sauka. Chrysler ya shiga kotun karyewar arziki ranar 30 ga Afrilu, ya fito a hannun kamfanin Fiat na Italiya. General Motors ya bi sahu ranar 1 ga Yuni, ya fito bayan kwana 40 gwamnati tana riƙe da kusan kashi 61 cikin 100 na jarinsa. Duka-duka, abin da baitulmali ya zuba a wannan fanni ya kai wajen dala miliyar 80.

Daga nan magana ta bar zauren majalisa ta koma ga mai saye. Magidancin da tsohuwar motarsa ta gaji, wanda kuma da harajinsa aka yi ceton, wace zai ɗauka?

Masu goyon bayan Detroit, musamman sandikar ma'aikatan motoci ta UAW, sun ce amsar a fili take. Kamfanin yanzu na jama'a ne, duk wanda ya sayi Chevrolet yana taimakon kuɗinsa ya dawo, yana kuma riƙe wa maƙwabcinsa aiki. Wasu kuwa ransu ya ɓaci ƙwarai, suka laƙaba wa General Motors sunan «Government Motors», wato motocin gwamnati, suka rantse ba za su taka wurin dillalansa ba. Da yawa cikinsu wajen Ford suka nufa, wanda bai taɓa asusun ceton ba. Dalili shi ne tun 2006 Ford ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har tambarinsa mai shuɗin ƙwai, ya ranto dala miliyar 23 da rabi kafin bankuna su rufe ƙofa. Masu yabonsa sukan manta cewa a 2009 shi ma ya karɓi rancen dala miliyar 5.9 daga ma'aikatar makamashi.

Wannan gardama tana da tsohon miki. A farkon shekarun 1980, lokacin da ƙananan motocin Japan suka cika kasuwa, an ga tarurrukan da ake ba mutane guduma su farfasa motar Toyota, kuma akwai ofisoshin sandika da suka hana ajiye motar waje a harabarsu. A watan Yuni na 1982 a yankin Detroit, wasu mutum biyu ƴan masana'antar mota suka kashe wani saurayi mai suna Vincent Chin da duka. Ɗan asalin Sin ne, sun ɗauke shi ɗan Japan. Kotun farko ta yanke musu tara da ɗaurin talala kawai.

Amurkawa sun ba da amsarsu tun kafin shekarar ta ƙare, kuma da kuɗin gwamnati suka ba da ita. A watannin Yuli da Agusta na 2009 aka buɗe wani shiri na dala miliyar 3: wanda ya kawo tsohuwar mota mai shan mai, ya sayi sabuwa mai tattali, za a rage masa dala 3,500 ko 4,500, wato har wajen sefa miliyan 2 a canjin lokacin. Dokar ba ta ce sai motar gida ba. Kusan mota 700,000 aka musanya. Tsofaffin ba a yarda a sake sayar da su ba, ana zuba wa injin wani ruwan sinadari a madadin baƙin mai, a tayar da shi har ya ƙafe. Duk makaniken da ke garejin Maradi ko Damagaram da ya ga waɗannan motoci zai ce suna da sauran shekara goma a jikinsu.

Da aka yi lissafi, motoci goma da aka fi kawowa a kashe duk ƙirar kamfanonin Detroit ne, Ford Explorer a gaba. Wadda aka fi saya kuwa ita ce Toyota Corolla, sai Honda Civic, sai Toyota Camry. Ford Focus ta zo ta huɗu. Toyota ta fi General Motors samun ciniki a shirin da gwamnatin da ke mallakar General Motors ta biya. Naka sai naka, in ji Bahaushe, daɗin zama sai bare.

To amma bare ce Corolla ɗin? A wancan lokaci ana haɗa ta a ƙasar Kanada da kuma garin Fremont na jihar Kalifoniya, a wata masana'anta da Toyota da General Motors suka mallaka tare tun 1984, ma'aikatanta kuma ƴan UAW ne. General Motors ne ya fara janye jiki a 2009 wajen rage nauyi, masana'antar ta rufe a 2010, mutum fiye da 4,000 suka rasa aiki. Camry kuwa tun 1988 ake ƙera ta a Georgetown, jihar Kentucky. Honda ta fara haɗa Accord a Marysville, jihar Ohio, a 1982, Nissan ta kafa tata a Tennessee a 1983, Mercedes da Hyundai suka zauna a Alabama. A ɗaya ɓangaren, Ford Fusion, wadda masu kishin ƙasa da yawa suka saya cikin alfahari, a garin Hermosillo na ƙasar Meziko ake haɗa ta a lokacin. Shafin Cars.com, mai jera motoci bisa yawan kayan Amurka da aikin Amurkawa da ke cikinsu, ya sa Camry a matsayi na ɗaya shekara huɗu a jere, daga 2009 zuwa 2012.

Saboda haka faɗan da ake kira na gida da waje, a zahiri faɗa ne tsakanin arewacin Amurka da kudancinta. Sanatocin da suka fi tsananta wa Detroit, irin su Richard Shelby na Alabama da Bob Corker na Tennessee, jihohinsu ne ke ɗauke da masana'antun baƙi, inda babu sandika, babu kuma tarin tsofaffin ma'aikata da ake biyan fansho da kuɗin asibiti. General Motors kuwa masu cin fanshonsa sun ninka masu aikinsa yawa. Su ma waɗannan jihohi ba kyauta baƙin suka zo musu ba, sai da aka ba su filaye da rangwamen haraji na ɗaruruwan miliyoyi.

Hujjar da ta fi ƙarfi wajen ceton ba ta dogara ga tambari ba. Mota guda tana da dubban sassa, kuma kamfanonin da ke yin kujeru da birki da wayoyin lantarki su ne ke sayar wa kowa. Da General Motors ya rushe kwatsam, da masu kawo masa kaya sun bi shi, da layukan Ford da Toyota da Honda sun tsaya. Abin da ya sa ke nan shugaban Ford, Alan Mulally, ya roƙi majalisa ta ceci abokan gasarsa. Wannan hujja ta gwamnati ce, kuma tana da nauyi. Ba ta zama wajibi a kan magidanci ba, wanda bayan gida mota ce abu mafi tsada da zai saya, kuma ya riga ya biya rabonsa ta hanyar haraji.

Faransa ta gamu da irin wannan ruɗani. A watan Fabrairu na 2009 gwamnatin Nicolas Sarkozy ta ranta wa Renault da rukunin Peugeot-Citroën yuro miliyar 3 kowanne, bisa alkawarin ba za su rufe masana'anta a ƙasar ba. Amma ƙananan motocin da tallafin yuro 1,000 na musanya tsohuwa ya fi ƙarfafa sayensu, da dama a waje ake yinsu a lokacin: Twingo a Sloveniya, Peugeot 107 a ƙasar Cek. Toyota Yaris kuma tun 2001 ake haɗa ta kusa da Valenciennes, a arewacin Faransa.

A Amurka, gwamnati ta sayar da ragowar jarinta na General Motors a watan Disamba na 2013, da hasarar da ta haura dala miliyar 10. Masu kare shirin suna nuna ayyuka fiye da miliyan guda da aka kiyasta an tsirar, kuma da wuya a musa cewa rushewar da ta fi haka tsada. Birnin Detroit kansa babu wanda ya cece shi, ya karye a watan Yuli na 2013 da bashin wajen dala miliyar 18.

Ta fuskar amana, babu ɓangaren da ya fita da farar riga. A 2014 Toyota ta biya tarar dala miliyar 1.2 saboda ɓoye matsalar totur da ke maƙalewa. A shekarar ce aka gano cewa injiniyoyin General Motors sun daɗe da sanin aibin makunnin wasu ƙananan motoci, wanda ke kashe injin ana cikin tafiya. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124.

Kishin da aka nemi mai saye ya nuna, kamfanonin ba su ɗaure kansu da shi ba. Masana'antar Lordstown ta jihar Ohio, wadda Obama ya ziyarta a 2009 a matsayin shaidar farfaɗowa, General Motors ya dakatar da ita a watan Maris na 2019, a daidai lokacin da yake haɗa sabuwar Chevrolet Blazer a Meziko. Tun 2016 ya fara shigo da Buick Envision daga ƙasar Sin. Chrysler, wanda sau biyu gwamnati ta tallafa masa, a 1980 da 2009, ya narke a 2021 cikin rukunin Stellantis mai mazauni a Holand, gida ɗaya da Fiat da Peugeot. Da shugaba Donald Trump ya ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan motocin waje a watan Afrilu na 2025, General Motors da bakinsa ya ce abin zai ci masa dala miliyar 4 zuwa 5 a shekarar, saboda yawan motocin da yake shigowa da su daga Meziko da Kanada da Koriya ta Kudu.

Tun 1994 doka ta wajabta a manna wa kowace sabuwar mota a Amurka takarda mai nuna inda aka haɗa ta, da asalin injinta, da yawan sassan Amurka da Kanada da ke cikinta. Takardar takan ɓace idan mota ta sauya hannu, amma lambar shasi mai haruffa 17 da ke ƙasan gilashin gaba tana nan. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa motar; 2 Kanada ce, 3 Meziko, J kuma Japan. Yawancin Camry masu agogon gudu na mil da suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, waɗanda dillalan Maradi da Yamai ke kira motar Japan, lambarsu da 4 take farawa.