Zaɓen Garma Daidai da Ƙarfin Tarakta da Irin Ƙasar Gona

Ganuwar Kano ta kewaye gidaje da gonaki tare, domin a ƙarni na 19 akwai filayen noma masu faɗi a yammacin birni, ɓangaren da Ƙofar Dukawuya take, har matafiyi Heinrich Barth ya gan su a 1851. Yau gine-gine sun cinye waɗannan filaye, amma mazauna Dukawuya da dama ba su bar noma ba, sai dai gonakinsu sun koma hanyar Gwarzo ko yankin Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani, kuma wasunsu hayar tarakta suke yi. Abin da ya kamata irin wannan manomi ya sani shi ne, kyawun kaftu yana rataye ne a kan dacewar abubuwa uku: ƙarfin tarakta, girman garma da irin ƙasar gona.

Ana auna ƙarfin injin tarakta da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki, wanda kowane ɗaya ya kai kimanin wat 746. Massey Ferguson 375, wadda ta yi suna a Arewa, tana da ƙarfin doki 75, amma ba duka ne ke isa ga garma ba, saboda giya tana cin wani kaso, ɗaukar nauyin taraktar yana cin wani, tayoyi kuma suna zamewa a ƙasa mai laushi, ta yadda abin da ke saura na ja bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Wannan asarar ce ake la'akari da ita wajen zaɓen garma.

Garmar tarakta da aka fi amfani da ita a ƙasar Hausa ita ce mai faranti, wato wadda ke yanka ƙasa da zagayayyun ƙarafa masu lotsawa, waɗanda ke mirginawa su tsallake dutse da saiwa. Kowane faranti yana yanka faɗin santimita 25 zuwa 30, kuma a ƙasa matsakaiciya yana buƙatar ƙarfin doki kimanin 20 daga injin, shi ya sa ake yawan ganin faranti 3 a bayan tarakta mai ƙarfin doki 60 zuwa 75. Idan tana tafiyar kilomita 6 a awa, irin wannan garma takan gama kusan hekta 3 a aikin awa 8.

Irin ƙasa ce ke sauya wannan lissafi. Jigawa, wato ƙasa mai yawan rairayi irin wadda ta kewaye Kano, ba ta da wuyar yankawa, don haka taraktar da ke jan faranti 3 tana iya jan 4 a cikinta, sau da yawa ma haro kaɗai ya wadatar. Fadama mai laka, irin ta gonakin shinkafa na kwarin Haɗeja, takan buƙaci ninki biyu na wannan ƙarfi ko fiye, musamman idan ta bushe ta tsattsage, saboda haka a can rage faranti ake yi. Zurfi ma yana da nasa hukunci, domin kaftun santimita 20 ya fi na 15 nauyi sosai, kuma zurfafawa a jigawa tana tono ƙasa maras taki ta binne ta sama mai albarka.

Alamomin rashin dacewa a bayyane suke. Idan garma ta fi ƙarfin tarakta, baƙin hayaƙi yana fita, inji yana nishi, tayoyin baya suna juyawa suna haƙa rami, direba kuma yakan ɗaga garma don ya samu wucewa, sai gona ta fito wani wuri da zurfi wani wuri an karce kawai. Masana sun yarda da zamewar taya ta kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, abin da ya haura haka asarar man gas ne da taya. Idan kuma garma ta yi ƙanƙanta, tarakta za ta yawaita zagaye, nauyinta ya danne ƙasa har ruwa da saiwa su kasa ratsa ta.

Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Bahaushe. Kafin manomi ya biya kuɗin haya, ya kamata ya faɗa wa direba irin ƙasarsa, ya tambayi ƙarfin taraktar da yawan farantanta, ya jira ƙasa ta jiƙa ba tare da ta yi caɓi ba, sannan ya auna zurfin layin farko da sanda. Malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, suna iya taimaka masa gane ƙasarsa kafin damina ta kankama.