Sauya limami a cocin Katolika: Yadda shirun shugabanni ke haifar da rikici

A ɗarikar Katolika, takarda ɗaya daga ofishin Bishop ta isa ta ɗauke limamin da ya shafe shekaru yana jagorancin wani coci, ta kai shi wani gari. Mabiya ba sa kaɗa ƙuri'a kan wanda zai zo, kuma ba su da ikon riƙe wanda zai tafi. A mafi yawan lokuta ana yin liyafar ban-kwana, a tarbi sabon Fada, al'amura su ci gaba. Amma akwai wuraren da irin wannan sauyi ya kai ga kulle ƙofar coci da zanga-zanga a kan titi. Duk inda wutar ta kama, tambayoyin da ke bakin jama'a ba sa wuce biyu: me ya sa aka ɗauke shi, kuma a wane hali ya bar dukiyar coci?

Abin da ya faru a Enugu

A watan Janairun 2016, Dayosis ɗin Enugu ya sauya wa Rabaran Fada Ejike Mbaka wurin aiki, daga cocin Christ the King da ke unguwar GRA zuwa wani coci a yankin Emene. Mbaka ba ƙaramin limami ba ne. Shi ne jagoran cibiyar addu'a ta Adoration wadda dubban mutane ke halarta, kuma ya yi fice a faɗin ƙasa bayan ya juya wa Shugaba Goodluck Jonathan baya, ya mara wa Muhammadu Buhari gabanin zaɓen 2015. Hukumomin coci sun ce sauyi ne irin wanda aka saba yi wa kowane limami. Magoya bayansa kuwa suka ɗauke shi a matsayin horo saboda matsayarsa ta siyasa.

Wannan zargi bai kwanta ba. A ranar 5 ga Mayun 2021, kwanaki kaɗan bayan Mbaka ya nemi Buhari ya sauka daga mulki, labari ya bazu cewa ya ɓace. Mabiyansa suka cika titunan Enugu, wasu suka afka gidan Bishop Callistus Onaga suka yi ɓarna. A ranar ce Mbaka ya bayyana, daga baya kuma ya ce shugabannin coci ne suka umarce shi ya keɓe kansa na wani lokaci. Umarni ne da ke cikin ikon Bishop, amma da yake jama'a ba su ji shi daga bakin hukuma ba, jita-jita ta riga gaskiya isa kunnensu. A 2022 aka dakatar da harkokin cibiyar na wasu watanni bayan kalaman da ya yi kan Peter Obi, kuma da aka turo wani limami ya riƙe wurin, mabiya sun sake nuna turjiya.

Abin da dokar coci ta tanada

Kundin dokokin cocin Katolika na 1983 bai bar wannan al'amari kara-zube ba. Farish, wato al'ummar mabiya ta wani yanki da aka damƙa wa limami ɗaya, yana ƙarƙashin Bishop, kuma shi ke naɗa limamin. Sai dai sashe na 524 ya ce kafin naɗin Bishop zai saurari shugaban limaman shiyyar, idan ya dace kuma ya ji ta bakin wasu limamai da wasu mabiya. Sashe na 522 ya nemi limamin farish ya samu zama mai ɗorewa, ba a riƙa tsige shi yau da gobe ba, ko da yake taron bishop-bishop na kowace ƙasa na iya amincewa da naɗi mai wa'adi.

Idan kuma tsigewa ce ko sauyin da limamin bai yarda da shi ba, sashe na 1740 zuwa na 1752 sun shimfiɗa matakai. Bishop zai tattauna da wasu limaman farish biyu, ya sanar da wanda abin ya shafa dalilai, ya ba shi damar kare kansa a rubuce. Limamin na da 'yancin ɗaukaka ƙara har zuwa Fadar Vatican. Raunin wannan tsari a idon mabiya shi ne kusan dukkansa tsakanin Bishop da limami yake gudana. Wani lokaci shirun yana da hujja, kamar kare mutuncin wanda ake bincike ko sirrin rashin lafiyarsa. Amma jama'ar da aka bari ba bayani sukan ƙirƙiro nasu, kuma wanda suka ƙirƙiro ya fi saurin yaɗuwa a WhatsApp.

Batun kuɗi

A nan ne sabon limami ya fi gamuwa da cikas. Cocin Katolika a Najeriya na tafiya ne da baikon ranar Lahadi, zakka, bikin godiyar girbi da gudummawar gine-gine. Farish da dama na da makaranta, asibiti ko shaguna. Limamin da ya daɗe yakan tara mutanen da ya amince da su a kan waɗannan harkoki. Idan sabo ya zo ya rusa kwamiti, ya sauya masu sa hannu a asusun banki ko ya dakatar da ginin da aka fara, tsofaffin na ganin an ci musu fuska, shi kuma yana ganin gyara yake yi. Daga nan coci ya rabu gida biyu, 'yan tsohon Fada da 'yan sabo.

Dokar ta hango wannan. Sashe na 537 ya wajabta wa kowane farish samun majalisar kuɗi ta mabiya da za ta taimaka wa limami. Sashe na 1283 ya ce kafin mai kula da dukiyar coci ya kama aiki, sai an rubuta cikakken jerin kadarori, ya sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin dayosis. Sashe na 1287 kuma ya ɗora masa miƙa wa Bishop lissafi kowace shekara, tare da yi wa mabiya bayanin abin da suka bayar. Majalisar makiyaya ta farish, wadda sashe na 536 ya ambata, shawara kawai take bayarwa, amma sashe na 212 ya tabbatar wa mabiya 'yancin faɗa wa shugabanninsu ra'ayinsu kan abin da ya shafi amfanin coci. Inda aka yi miƙa aiki a rubuce, aka karanta lissafi a gaban jama'a, mai neman tayar da zaune tsaye ba ya samun abin kamawa.

Ahiara: shekara biyar ba shiga

Babu misalin da ya kai na Ahiara a Jihar Imo nuna tsadar rashin yarda, ko da yake can kujerar Bishop ce aka yi jayayya a kanta. Bayan rasuwar Bishop Victor Chikwe a 2010, Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa Peter Okpaleke, ɗan asalin Jihar Anambra, a watan Disambar 2012. Limamai da mabiya na yankin Mbaise suka ƙi shi. Hujjarsu ita ce yankinsu ya yaye limamai masu yawa amma aka tsallake su, kuma suna shakkar yadda aka yi zaɓen, wanda a al'adar coci a asirce ake yin sa ta hannun jakadan Fafaroma.

An keɓe Okpaleke a matsayin Bishop a watan Mayun 2013 a wajen dayosis ɗin, kuma bai samu damar kama aiki a cikinsa ba. An ɗora Kadinal John Onaiyekan na Abuja a matsayin mai riƙon ƙwarya, amma sulhu bai samu ba. A watan Yunin 2017 Fafaroma Francis ya bai wa limaman Ahiara kwana 30 kowa ya rubuto takardar neman gafara da biyayya, ko a dakatar da shi. Kusan 200 suka rubuta, amma wasu sun nuna cewa aiki da Okpaleke zai yi musu wuya. A watan Fabrairun 2018 ya ajiye muƙamin. A 2020 ya zama Bishop na farko na sabon Dayosis ɗin Ekwulobia, a 2022 kuma aka naɗa shi Kadinal. Sai a 2024 Ahiara ta samu cikakken Bishop, Simeon Nwobi, ɗan Mbaise.

Umarni daga kujera mafi girma a cocin ya samar da takardun biyayya, amma bai buɗe ƙofar da aka rufe ba. A matakin farish abin ya fi sauƙin magancewa, domin kayan aikin suna nan cikin doka: wakilin Bishop ya zo da kansa ya faɗi abin da za a iya faɗa game da sauyin, mai tafiya da mai zuwa su sa hannu kan jerin kadarori a gaban majalisar kuɗi, sannan sabon limami ya saurari jama'a kafin ya taɓa kwamitocin da ya tarar.