Yadda ake matse fayil-fayil ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni

A farkon watan Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a jihar Zamfara, domin taimaka wa yaƙi da 'yan bindiga.

Tun daga birnin Gusau zuwa Tsafe da Bungudu, har ƙauyuka irin su Ruwan Bore, an yi makonni babu waya babu intanet. Mai son aika takardu sai ya loda su a filashi, ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis.

An maido da layukan daga baya, sai dai darasin yana nan: inda sabis ke da rauni, girman fayil na iya hana saƙo isa.

Mene ne ƙunshin fayil?

Ayyuka biyu ne ake haɗawa. Na farko shi ne tattara fayil-fayil masu yawa cikin ƙunshi guda, aikin da manhajar tar ke yi tun 1979. Na biyu shi ne matse ƙunshin, wanda gzip ke yi tun 1992. Tsarin ZIP kuwa, da Phil Katz ya fito da shi a 1989, yana yin duka biyun.

Matsewa tana aiki ne ta hanyar gano abin da ke maimaita kansa a rubuta shi a taƙaice. Shi ya sa rubutu zalla ke raguwa sosai, amma hotunan JPEG da bidiyon MP4 ba sa raguwa sosai, domin dama a matse suke.

Umarni uku

Ana rubuta umarnin ne a allon da ake kira Terminal a Linux da Mac. Windows 10 ma ta samu tar tun 2018.

Idan akwai jakar fayil mai suna takardu, za a ƙunshe ta da: tar -czf kunshi.tar.gz takardu

Domin ganin abin da ke ciki ba tare da an kwance ba: tar -tzf kunshi.tar.gz

Domin kwancewa: tar -xzf kunshi.tar.gz

Umarni na biyu shi ne wanda bai kamata a tsallake ba, domin yayin kwancewa tar tana iya danne tsohon fayil mai suna iri ɗaya ba tare da tambaya ba.

Idan sabis na yankewa

A Linux ana iya raba babban ƙunshi gida-gida, kowanne megabayit 20, da: split -b 20M kunshi.tar.gz kashi_

Idan sabis ya yanke, kashin da bai tafi ba kawai za a sake aikawa. Mai karɓa zai haɗa su da: cat kashi_* > kunshi.tar.gz

Daga nan sai ɓangarorin biyu su rubuta sha256sum kunshi.tar.gz, su kwatanta lambar da ta fito. Idan ta zo ɗaya, saƙo ya isa lafiya.

Sai dai matsewa ba kullewa ba ce, domin tar da gzip ba sa sanya kalmar sirri. Mai ɗauke da sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya yana bukatar manhaja irin 7-Zip, wadda ke kulle ƙunshi, ko da filashin ya faɗa hannun wani.