Mahaɗar Fayiloli a Cikin Kwamfuta da Wayar Hannu: Tsarinta da Iyakokinta

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da aka tura ƙasar Tambuwal ko ta Kebbe domin tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin baka, a yau da wayar hannu yake naɗar muryoyin mutane. Idan wayar ta cika, sai ya kwashe abin da ya naɗa zuwa katin memori, in ya komo Sakkwato kuma ya juye cikin kwamfuta. Ma'ajiya uku ke nan, kowace da irin tsarin da take bi wajen jera bayanai. Duk da haka, manhajar da ke kunna murya ba ruwanta da wannan bambanci; da an danna sunan fayil sai ta buɗe shi, ko a ina yake. Abin da ya sawwaƙa haka wani sashe ne da ke tsaye tsakanin manhaja da ma'ajiya, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan VFS. A nan za a kira shi mahaɗar fayiloli. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara wannan mahaɗa, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

2.0 Ma'anarta da Asalinta

Dillalin hatsi a kasuwar Tambuwal zai iya zama misali. Mai saye yakan ce masa a auna mini gero tiya biyar, ba tare da ya tambayi ko daga rumbun kara aka ɗebo ba, ko daga rufewar laka, ko daga buhunan da ke jibge a shago. Sanin yadda ake buɗe kowace ma'ajiya aikin mai ita ne. Abin da ya haɗa su duka shi ne ma'auni ɗaya da lafazi ɗaya. To, haka mahaɗar fayiloli take. Tana fayyace abin da za a iya nema, ta bar wa kowace ma'ajiya yadda za ta cika shi.

Tsarin Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka cikin 1969, da farko nau'in ajiya ɗaya kawai ya sani. Da kamfanin Sun Microsystems ya so kwamfuta ta riƙa karanta fayilolin da ke cikin wata kwamfutar ta hanyar sadarwa, watau tsarin NFS, sai ya ga tilas a raba aikin gida biyu: ɓangaren da ya shafi kowace ma'ajiya, da ɓangaren da ya keɓanta da nau'i ɗaya. Wannan ya fito cikin SunOS a 1985, Steve Kleiman kuma ya yi bayaninsa a wata takarda cikin 1986. Shi ma Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, da tsarin ajiyar Minix ya soma, wanda ba ya karɓar suna mai fiye da harafi 14, ko faifan da ya wuce megabait 64. Sai da aka shigar da mahaɗa a tsakani sannan Rémy Card ya kawo tsarin ext cikin 1992. A kan Linux ɗin nan aka gina Android, saboda haka duk wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwa a Dogon Daji ko manomi a Kuchi tana ɗauke da wannan mahaɗa.

3.0 Abubuwan da Ta Ƙunsa

Mai tsara mahaɗa yana da tambaya biyu a gabansa: waɗanne abubuwa za a ambata, kuma waɗanne ayyuka za a iya yi musu?

Ta fuskar abubuwa, Linux ya tsaya a kan huɗu. Na farko shi ne bayanin ma'ajiya baki ɗaya, kamar girmanta da filin da ya rage. Na biyu katin shaidar kowane fayil, mai ɗauke da girmansa da mai shi da lokacin da aka taɓa shi. Na uku alamar da ke ɗaure suna da katin shaida. Na huɗu kuwa shi ne buɗaɗɗen fayil, wanda ke tuna inda mai karatu ya tsaya. Hikimar raba suna da katin shaida ita ce, ana iya sake wa fayil suna ba tare da an motsa abin da ke cikinsa ba.

Ta fuskar ayyuka kuwa, akwai nema da buɗewa da karantawa da rubutawa da sake suna da gogewa da rufewa. Kowane nau'in ajiya yana zuwa da tafintansa, watau 'yar manhajar da ke cika waɗannan gurabe bisa nasa tsari. Cikin waya akan sami ext4 ko F2FS, wanda kamfanin Samsung ya fito da shi a 2012. Katin memori kuwa yakan zo da FAT32 na 1996, ko exFAT na 2006 idan ya haura gigabait 32. In an ƙirƙiro sabon nau'i, tafinta kawai za a rubuta masa, babu buƙatar taɓa dubban manhajojin da ke sama.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Wahalar aikin tana wajen yanke girman alkawarin da mahaɗa za ta ɗauka. Idan ta tsaya a kan abin da kowace ma'ajiya ke iyawa kaɗai, ta tauye masu ƙarfi. Idan kuma ta yi alkawarin duk abin da mafi ƙarfi ke iyawa, tilas raunana su riƙa yin kamar sun iya. Alal misali, tsarin FAT bai san mai fayil ba, ba shi kuma da katin shaida irin na Unix, don haka tafintansa ne ke ƙaga su a lokacin da aka ɗora katin. Fayil ɗin da aka killace wa mutum ɗaya a kwamfuta, da zarar ya hau katin memori ya zama na duk wanda katin ya faɗa hannunsa.

Matsalar suna ita ta fi kusa da masu nazarin harshe. A wajen ext4, bisa al'ada, “Waƙa” da “waƙa” fayil biyu ne, amma a wajen FAT ɗaya ne, har ɗayan na iya danne ɗayan wajen kwafa. Bugu da ƙari, Linux yana kallon suna a matsayin jerin bait da ba su wuce 255 ba, kuma a tsarin UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya, kamar ƙ da ɗ da ɓ, bait biyu yake ci. Shi kuwa FAT da tsarin UTF-16 yake adana dogayen sunaye. Dole tafinta ya juya daga wannan zuwa wancan, kuma idan ba a saita shi daidai ba sai ƙugiya ta rikiɗe ta koma wasu alamomi marasa ma'ana. Mai nazarin Hausa ya san abin da ke tsakanin “ƙafa” da “kafa”, ba ya bukatar a faɗa masa girman wannan ɓarna.

Sai kuma girma. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da katin yana da sauran fili mai yawa. Dogon bidiyon hawan salla ko na kokawa zai iya cin karo da wannan iyaka. A nan wajibin mahaɗa ne ta dawo da bayyanannen saƙon kuskure, kada ta yi shiru a zaci an kwafe duka.

Na ƙarshe, kuma mafi haɗari, shi ne lokaci. Domin a sami sauri, mahaɗa takan amsa cewa an rubuta alhali bayanin yana ƙwaƙwalwar wucin gadi, bai sauka kan kati ba tukuna. In aka zare katin a wannan tsakani, ko aka ɗauke wuta, abin ya salwanta. Shi ya sa masu tsarawa suka ware wani aiki na dabam na tabbatar da saukar bayani, kuma shi ne ke gudana idan aka umurci na'ura ta saki kati kafin a cire shi. Hirar da aka yi da tsohuwa mai shekara 80 a wani ƙauye na Kebbe ba lallai a sake samun damar maimaita ta ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa mahaɗar fayiloli ta samu ne daga buƙatar a raba “me ake so” da “yaya za a yi”, kuma wannan rabo shi ya ba waya ɗaya damar hulɗa da ma'ajiyoyi dabam-dabam. An kuma ga cewa ba kowane bambanci ke ɓoyuwa ba, musamman na suna da girma da mallaka da lokacin saukar bayani. Saboda haka ingancin mahaɗa yana ga abu biyu: ta taƙaita ayyukanta yadda kowane tafinta zai iya cikawa, sannan ta fito fili ta sanar a duk inda ma'ajiya ta gaza. Akwai kuma aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i, na daidaita kalmomin wannan fanni, da na tsayar da ƙa'idar raɗa wa fayilolin bincike suna, domin abin da aka tattaro daga bakin jama'a ya isa ga masu zuwa yadda aka naɗe shi.