Kiɗan da Babu Waƙa a Cikinsa da Fassarar Masu Sauraro

A cikin kiɗan rok na Amurka da Turai akwai reshen da ake kira indi, wato kiɗan ƙananan ƙungiyoyi da ba su shiga ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai ba, kuma wasu daga cikinsu sun ajiye rera waƙa gaba ɗaya, suka bar wa jita da ganga aikin. Ƙungiyar Explosions in the Sky, wadda mutum huɗu suka kafa a birnin Ostin na jihar Teksas a 1999, tana sahun gaba a wannan salo, kuma yadda jama'a suka karɓi kiɗanta ya nuna cewa rashin baiti ba ya hana mai sauraro jin labari.

A faifansu na 2003 akwai kiɗa mai suna Six Days at the Bottom of the Ocean, wanda ya haura minti takwas, kuma tushensa shi ne nutsewar jirgin ruwan yaƙi na Rasha mai tafiya a ƙarƙashin teku, Kursk, a watan Agusta na 2000, inda mutum 118 suka halaka. Jita ce take farawa a hankali tana maimaita ɗan gajeren amo, sai wata ta shigo ta amsa mata, ganga ta biyo baya, sautin ya yi ta kumbura har ya cika kunne, sannan ya lafa. Wanda ya san labarin jirgin yana jin numfashin mutanen da iska take ƙare musu, wanda kuwa bai sani ba yakan tuna rabuwa da masoyi ko rasuwar mahaifi. Labaran sun sha bamban, amma nauyin da ke sauka a zuciya kusan ɗaya ne.

Masana sun daɗe suna bin diddigin dalilin haka. Leonard Meyer, a littafinsa na 1956 kan motsin rai da ma'ana a kiɗa, ya bayyana cewa kiɗa yana sa kunne ya yi tsammanin abin da zai biyo baya, sannan ya jinkirta shi ko ya kauce masa, kuma daga wannan jinkiri ne shauƙi yake tasowa. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da jin daɗi, tun lokacin da mutum yake jiran ƙololuwar kiɗan da yake so, kafin ma ta iso. Wannan ne ya bambanta irin wannan kiɗa da taken da makaɗin kalangu yake kaɗawa, domin shi take kalmomi ne sanannu da ganga take kwaikwaya, wanda ya san su zai iya furta su, alhali jitar Ostin tsammani kawai take ginawa, ta bar wa kowa ya cika shi da abin da ke ransa.

Duk da haka fassarar ba sakaka take ba, domin sunan kiɗa da zanen bangon faifai da lokacin fitowarsa duk suna ja wa mai sauraro linzami, wani lokaci har su kai shi inda bai dace ba. Faifan ƙungiyar na biyu ya fito a farkon Satumba na 2001 ɗauke da zanen jirgin sama da rubutun da ke nuni da faɗuwarsa, kuma da aka kai harin 11 ga Satumba kwanaki kaɗan bayan haka, jita-jita ta yaɗu cewa makaɗan sun san abin da zai faru. Wannan ƙazafi ne da aka ɗora wa matasa huɗu, domin an kammala faifan da zanensa tun kafin harin, kuma haƙƙin mai sauraro na jin abin da ya ji bai ba shi damar jingina wa makaɗi niyyar da bai taɓa yi ba.