Inda Hanya Ta Ƙare: Makonnin Ƙarshe Na Ma'auratan Da Suka Mayar Da Mota Gida

A can kudancin ƙasar Ajantina, kusa da garin Ushuwaya, akwai wani allon katako a bakin ruwan Lapataya. An rubuta a jikinsa cewa nan babbar hanya mai lamba 3 ta ƙare, Buwenos Aires na da nisan kilomita 3,079, Alaska kuma 17,848. Bayan allon babu sauran titi, sai ruwa da duwatsu da iska mai sanyi. Duk shekara, tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da yankin ke da ɗan ɗumi, ma'aurata kan iso wurin cikin motocinsu masu ɗakin kwana, wasu bayan shekara ɗaya a hanya, wasu biyu ko fiye. Su ɗauki hoto, wasu har da hawaye, sannan su koma mota su zauna shiru.

Mai karatu, ɗauka kai da uwargida ne a cikin motar nan, ko ke da maigida. Kun taso tun daga arewacin Amurka, kun ratsa Kanada da Meziko. A Panama kun loda motar a jirgin ruwa zuwa Katahena ta Kolombiya, domin dajin Dariyen, mai tsawon kimanin kilomita 100, har yau titi bai ratsa shi ba. Kun hau tsaunukan Andis inda mota ke haki, ku ma kuna haki. Yanzu ga ku a ƙarshe. To, sai me?

Abu na farko da zai ba ku mamaki shi ne tafiya ba ta ƙare ba. Motar tana nan, kuma sai kun san yadda za ku yi da ita. Kowace ƙasa da kuka shiga, jami'an kwastan sun ba ku takardar shigo da mota ta wucin gadi, da sunan mai motar a jiki da ranar da za ta fita. Wannan takarda ba ta ba ku izinin sayar da motar ga ɗan ƙasa, don haka ba za ku kafa mata allon sayarwa a bakin titi kamar yadda aka saba a gida ba. Mafi yawan matafiya ɗaya suke zaɓa cikin uku: su nemi wani baƙon matafiyi da zai karɓe ta ya ci gaba, su ajiye ta a Yurugwai inda takan samu izinin zama har shekara guda, ko su kai ta tashar jirgin ruwa ta Montebideyo ko ta Sarate a mayar da ita Turai.

Ko wanne kuka zaɓa, da sauran tuƙi. Ushuwaya tsibiri take, kuma kafin ku koma babban yankin Ajantina sai kun shiga ƙasar Cile, kun haye mashigin Magelan a jirgin fito. A iyakar Cile ba a wasa da abinci: ɗanyen nama, zuma, 'ya'yan itace, duk sai a karɓe. Uwargida, in kin yi cefane mai yawa a ranar, kin yi wa jami'ai. Daga nan sai kilomita dubbai na fili fetal, iskar Patagoniya tana tura motar gefe. A da kowane kilomita kusantar da ku yake ga buri. Yanzu kuwa komawa ce, kuma a wannan yanki ne yawancin faɗa ke tashi.

Dalili ba boyayye ba ne. Da wuya mutum biyu su gaji a rana ɗaya. Ɗaya ya riga ya koma gida a zuciyarsa, yana tunanin mahaifiya da ta tsufa, da jikan da aka haifa ba su gani ba, da banɗakin da ruwa ke zuba ba sai an auna ba. Ɗayan kuma yana duba taswira a ɓoye, yana lissafin ko kuɗin zai kai su Burazil. Kowa ya yi gum don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa, sai maganar ta fito ta wata ƙofa: wa ya bar famfo a buɗe, wa ya manta bai zubar da tankin bayan gida ba. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, to ina ga zama a wuri mai tsawon mita shida da faɗin mita biyu, har da kujerar direba a ciki? Ɗakin haya ɗaya ya fi shi sarari, kuma babu zaure da maigida zai fita ya huce, babu maƙwabciya da uwargida za ta leƙa. A ganina, ma'auratan da suka tsayar da ranar komawa tun da sauran wata biyu ko uku, suka faɗe ta da baki, sun fi samun sauƙi. Wanda bai so ba zai ji zafi, amma yana da lokacin da zai yi ban kwana da hanya a hankali.

Wasu kam ba sa iya tsayawa. Herman da Candelaria Zapp, 'yan Ajantina, sun bar gida a shekarar 2000 cikin tsohuwar mota ƙirar 1928 da niyyar wata shida zuwa Alaska. Sai a watan Maris na 2022 suka rufe tafiyar a tsakiyar Buwenos Aires, da 'ya'ya huɗu, kowanne an haife shi a ƙasa daban. Gunther Holtorf, Bajamushe, wata 18 ya ɗiba wa Afirka, tafiyar ta ci shekara 26 da kusan kilomita 900,000. Matarsa Christine, wadda suka yi kimanin shekara ashirin suna kwana a bayan motar, ciwon daji ya ɗauke ta a 2010. Ya ci gaba kamar yadda ta so, ya ƙarasa a Balin a 2014, motar kuma aka kai ta gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Shtutgat. Ku tuna da ita idan kuna ta ɗaga ranar komawa, ko ranar tashi.

Makon ƙarshe na aiki ne tuƙuru. Kamfanonin jirgin ruwa na so a wanke mota ciki da waje, a juye tukunyar gas, a rage man tanki, a fitar da abinci. Idan motar ta fi ƙarfin kwantena, tuƙa ta za a yi cikin jirgi, ma'ana za ku miƙa makulli ga mutanen da ba ku sani ba, don haka duk abu mai daraja ya bi ku a jaka. Nan za ku gane yawan tarkacen da kuka tara. Tukwane, barguna, kujerun zama waje, a raba wa matafiyan da ke farawa. Sannan lissafi: kuɗin jirgin mota, kuɗin tasha, tikitinku, masaukin kwanakin jira. Wannan kaso tun kafin a tashi ya kamata a ware shi a manta da shi, domin wanda ya cinye shi a hanya zai sayar da motarsa a farashin da mai saye ya ga dama.

Sai gida. Kwana uku na farko daɗi ne: sannu da zuwa, tsaraba, abincin da kuka yi kewa. Za a tambaye ku ina ya fi kyau, kafin ku gama amsa an koma zancen tsadar kaya da bikin wance. Kada ku ji haushi, su ma sun yi rayuwarsu ba ku nan. Abin da ya fi wuya yana tsakaninku. A mota komai tare kuke yi. Uwargida ce ke karanta taswira, ita ke ciniki da Sifaniyanci a kasuwa, wataƙila ita ta tuƙa rabin hanya, ta riƙe fitila lokacin da ake canza taya cikin dare. Idan aka dawo maigida ya fice aiki tun safe, ita aka bar ta da girki da baƙi kamar ba a yi komai ba, za ta ji an ƙwace mata wani abu, ko da ba ta faɗa ba. Maigida, kai ma za ka tsinci kanka kana juyawa ka yi mata magana a mota, kujerar babu kowa. Ku zauna ku yanke abin da za ku riƙe daga zaman hanya: shayin asuba tare, lissafin kuɗi a buɗe, fita ta kwana ɗaya ko biyu ku kaɗai.

Barci ma sai ya ɗauki lokaci. Gado ya yi faɗi, ɗaki ya yi shiru, ba iska mai girgiza bango. Wata guda ko fiye bayan haka saƙo zai zo cewa jirgi ya iso Hambog ko Antwap. Ku je tare ku karɓo ta. Ku duba jikinta sosai kafin ku sa hannu a takarda, ku ɗauki hoton duk wani ƙarje, kuma ku tafi da wayar tayar da batir, don bayan makonni a teku ba lallai ta tashi da bugu ɗaya ba.